Yadda na tsayar da yoyon tagar motar kwana

Hiace ɗin da na mayar ɗakin kwana ta fara yoyo da ruwan Agusta, ta ƙasan tagar gefe. Jikin motar a lanƙwashe yake, firam ɗin taga kuwa a miƙe, sai rata ta fito a kusurwa. Silikon, gam ɗin da ya toshe ratar, bai jure zafin ranar Damagaram ba, ya ɓanɓare.

Na cire tagar, na kankare tsohon gam, na goge bakin ƙarfen da aka yanka, na shafa fentin hana tsatsa. Kafinta ya sassaƙo mini katako daidai lanƙwasar, don cike ratar. Sai gam na polyurethane, irin na gilashin gaba, na mayar da tagar, na ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, gefe da gefe. Washegari na kwara bokitin ruwa, ko ɗigo bai shiga ba.