Kurakuran da aka fi yi wajen daina maganin farfaɗiya na dangin benzodiyazefin

Na gaji da jin wannan magana daga bakin iyaye: "Ai ya samu sauƙi, mun daina ba shi." Ni ma na taɓa faɗin ta, kuma na ga abin da ya biyo baya da idona. Magungunan da nake magana a kansu su ne kilobazam da ake sayarwa da sunan Frisium, kilonazefam mai sunan Rivotril, da diyazefam wanda aka fi sani da Valium. Duk danginsu ɗaya, kuma duk ba a yanke su farat ɗaya.

Babban kuskure shi ne wanda na yi wa 'yata. Ta kusa shekara biyu tana shan kilobazam tare da wani magani, ta yi wata takwas ba ta faɗi ba. Abin da ya dame ni shi ne barcin da yake sa ta, har a aji tana gyangyaɗi. Ban tambayi kowa ba, na ɗauke maganin. Kwana uku na farko lafiya lau, idonta ya washe, har na fara gaya wa kaina na yi daidai. A kwana na biyar ta kasa barci, tana zufa, kofi yana rawa a hannunta, ƙaramar magana sai kuka. Na ɗauka zazzaɓi ne ke neman kama ta. Daren kwana na bakwai jijjiga ta zo, irin wadda ba mu taɓa gani ba. Da can minti ɗaya ko biyu take yi ta lafa. Wannan karon ina kallon agogo, minti biyar ya wuce, goma ya wuce, leɓenta ya canza launi, ba ta tsaya ba sai da aka yi mata allura a asibiti. Kwana huɗu muka yi a can.

Likitan bai yi mini faɗa ba, bayani ya yi mini, kuma bayanin ya fi faɗa zafi. Waɗannan magunguna suna ƙara ƙarfin wani sinadari mai suna GABA, wanda aikinsa shi ne kwantar da ƙwaƙwalwa. Idan an daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan saba, ta daidaita kanta da wannan taimako. Ka janye shi dare ɗaya, sai ta rasa birki. Ko mutumin da bai taɓa yin farfaɗiya ba yana iya jijjiga idan ya yanke irin wannan magani bayan dogon sha, balle mai ciwon. Kwanakin nan uku da suka yaudare ni kuwa, maganin ne bai gama fita daga jikinta ba, domin kilobazam da diyazefam suna daɗewa a jini. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa an ƙarfafa gargaɗin da ke jikin duk wannan dangi saboda irin wannan haɗari.

Gyaran ba boyayye ba ne. Idan barci ko kasala ya dame ku, ku faɗa wa likita, shi zai tsara yadda za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, cikin makonni ko watanni. Ni dai tun daga lokacin ina da littafi: ranar da aka rage, nawa aka rage, yadda ta kwana.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, don ba jahilci ne ke kawo shi ba, sakaci ne: barin magani ya ƙare. Jiki bai san bambanci tsakanin "na daina" da "ya ƙare mini" ba. Haba jama'a! Mutum yana ganin ƙwaya biyu suka rage a kwali, ya ce sai jibi zai nema, jibi ta zo ya tarar babu, ko likitan da zai rubuta takardar ba ya nan. Waɗannan magunguna ne da doka ke sa wa ido a yawancin ƙasashe, ba kullum ake samunsu da an tambaya ba. Kun san haka, to me kuke jira? Ni da zarar maganin kwana goma ya rage nake fara nema. Idan za mu yi tafiya, maganin yana cikin jakar hannuna da ƙarin na 'yan kwanaki, ba ya shiga kayan da za a loda nesa da ni.

Sauran ba sa bukatar dogon zance. An manta na safe, kada a ninka na dare sai in likita ya ce. Kada a musanya wani da wani ana kallon lambar da ke jikin kwali, domin rabin miligiram na kilonazefam ya kai kusan miligiram 10 na diyazefam. Kada a rage magunguna biyu lokaci guda, in matsala ta taso ba za a san wanne ne ya jawo ta ba. Giya da tiramadol ba sa haɗuwa da su, suna iya danne numfashi, tiramadol ma shi kansa yana tayar da jijjiga.

Mace da ta gane tana da ciki kuma take shirin jefar da maganin don tsoron abin da ke cikinta, ina fahimtar tsoron, amma jijjiga mai tsawo haɗari ce gare su su biyun. Ta ci gaba da sha, ta nemi likita cikin gaggawa.

Wanda ya riga ya daina kuma yake karanta wannan, ya kira likitansa yau ɗin nan, ko da yana jin garau, kuma kada ya kwana shi kaɗai. Jijjigar da ta wuce minti biyar, ko ta maimaita kafin mutum ya farfaɗo, ta asibiti ce nan take.

'Yata ta rabu da kilobazam daga baya, a hannun likita. Wata bakwai aka ɗauka, sau biyu muna tsayawa a mataki ɗaya saboda barcinta ya rikice, sai da ya daidaita muka ci gaba.