Yadda ake haɗa sikanin 3D guda biyu su zauna daidai

Idan ka ɗauki sikanin mutum-mutumi ta gaba, ka sake ɗauka ta gefe, kwamfuta za ta ba ka tarin ɗigo kashi biyu, kowanne ya fuskanci inda ya ga dama. Aikin shi ne a gane wane ɗigo na wannan ne takwaran wane a wancan. Hanyar da aka fi bi ita ce ICP (Iterative Closest Point, wato maimaita haɗa ɗigo da mafi kusa da shi), wadda masana Besl da McKay suka wallafa a 1992, kuma tana cikin manhajojin CloudCompare da MeshLab, duka kyauta ne.

Fara da shara. Goge teburi da bango da ɗigon da suka warwatsu a iska, in sun yi yawa ka rage su.

Sai ka kusanto da sikanin biyu da hannu, kuma a ganina nan ne aikin yake. Zaɓi wurare uku ko huɗu da ke bayyane a duka biyun, kamar kan hanci, gefen kunne, ko wata tsaga a gindi. Ka baza su, kada su jeru a layi ɗaya. Dalilin kusanto da sikanin kuwa, ICP kan ɗauki kowane ɗigo ta aura masa wanda ya fi kusa da shi a ɗaya siffar, ta juya ta matsa don rage tazara, ta yi ta maimaitawa. In ka bar su nesa da juna, sai ta liƙa kunne a kafaɗa ta tsaya nan. Abu mai zagaye kamar tukunya ya fi ruɗa ta, domin kowane gefe kama yake da ɗan'uwansa, don haka nemi wani tabo ko kwarzane ka kafa alama a kai.

Kafin ka kunna ICP a CloudCompare, gaya mata kashi nawa cikin ɗari na sikanin ne ya hau kan ɗayan. In rabi ne ka ce duka, za ta ja shi ya karkace. Da ta gama za ta nuna lambar RMS, wato ma'aunin tazarar da ta rage. Ƙanƙantarta ba ta isa shaida ba. Ka ba kowane sikani launinsa, ka juya su ka duba da idonka.

Duk wannan na abin da ba ya lanƙwasa ne. Buɗaɗɗen hannu da dunƙulalle sai wata dabara, irin wadda Ovsjanikov da abokan aikinsa suka fitar a 2012.