Gajerun kiɗe-kiɗen Chopin da Schumann: inda masu koyon piyano ke tuntuɓe

Da zarar hannun mai koyo ya fara faɗawa a kan piyano, ba ya daɗewa sai ya nemi Prelude na huɗu daga cikin gajerun kiɗe-kiɗe guda 24 da mawallafin kiɗa Chopin ya fitar a 1839, ko kuma kiɗan Träumerei na takwaransa Schumann. Kowannensu shafi ɗaya ne, babu gudun yatsu, sai a ɗauka kamar shan ruwa ne. Yatsu kam sukan haddace su cikin mako biyu. Aikin da ya rage na kunne ne, kuma nan ne na fi ganin ana tuntuɓe.

A Prelude ɗin nan, hannun hagu yana buga sautuka uku a haɗe, sau takwas a kowace gaɓa (wato ɗan yankin lokaci da ake raba kiɗa da shi a takarda), hannun dama kuwa yana kai da komowa tsakanin sautukan B da C kamar mai ajiyar zuciya. Sauti uku sun fi ɗaya nauyi, shi ya sa hagu ke danne dama, waƙar ta nutse. Maganinsa shi ne kada yatsun hagu su rabu da madannan ko kaɗan. Ka bar madanni ya taso rabi kawai, ka sake danna shi a hankali. Nauyin damtse ka ba hannun dama. Akwai wani atisaye da nake matuƙar so: ka buga waƙar da dama da cikakkiyar murya, hagu kuma ya taɓa madannan ba tare da ya fitar da sauti ba, sannan ka bari sautin ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Amma kada hagun ya zama bango kawai. A cikin sautukan nan uku, ɗaya ne yakan zame ƙasa da ɗan taki, sauran su tsaya, daga baya wani ya biyo shi. Wannan zamewar ita ce ke sa kiɗan ya taɓa zuciya, ka neme ta da kunnenka. Wannan Prelude ne fa aka buga da ogan, babban kayan kiɗan coci, a jana'izar Chopin a birnin Paris a 1849.

Sai jan ƙafa. Mutum ya ga an rubuta Largo, wato a hankali, sai ya riƙa ƙirga takwas a gaɓa, kowane bugu da nauyinsa. Alamar da Chopin ya sa tana nufin ƙirga biyu ne. Sautin piyano yana fara mutuwa tun daga lokacin da aka buga shi, idan ka ja da yawa, B ɗin ya ɓace kafin C ya iso, zaren ya tsinke. Haka ake yi wa Träumerei. A bugun farko na littafin Kinderszenen, jerin guda 13 da Schumann ya rubuta a 1838 wanda Träumerei ke cikinsa, alamar metronom (na'urar ƙirga bugun lokaci) 100 ce a minti, amma sau da yawa za ka ji ana buga shi a wajen rabin haka. Ban ce dole sai ka kai 100 ba, ni kaina ina ganin ya ɗan yi sauri a babban piyano na zamani. Sai dai ka rera layin da bakinka. Idan numfashinka ya ƙare kafin jimlar ta ƙare, to ka yi nawa. Kuma muryoyi huɗu ne a cikin Träumerei, na tsakiya suna amsa wa ta sama, kada ka bar su a baya.

Feda kuma, wato matakin ƙafa da ke tsawaita sauti, ta zama mafakar masu gaggawa. Ana taka ta tare da sabon haɗin sauti, sai tsohon ya shigo cikin sabon, komai ya dagule. Hannu ne ke fara sauka, a daidai lokacin ƙafa ta ɗaga, sannan ta koma. Ka yi kwana uku kana buga kiɗan babu feda sam, yatsu su haɗa abin da za su iya haɗawa.

Na ƙarshe shi ne rubato, wato ɗan ja da sassauta lokaci. A wani kiɗan Chopin, Nocturne na biyu na jerin Opus 9, waƙar tana dawowa da ƙarin ado kowane zagaye, sai mai koyo ya tsayar da hagu yana jiran dama ta gama kwalliyarta. Ɗaliban Chopin, irin su Karol Mikuli, sun ba da labarin cewa a wurinsa hannun rakiya ba ya barin ƙa'idar lokaci, mai waƙar ne ke ɗan jinkiri ko ya yi gaba. Saboda haka ka fara da hagu shi kaɗai tare da metronom, sauti na ƙasa sannan haɗi biyu, har ya zauna daram. Daga nan ka ɗora wayarka a gefen piyano ka naɗi kanka, ka saurara washegari da takardar kiɗan a gabanka da fensir a hannu, kana sa alama a duk inda hagu ya tsaya jira.