Yadda ake sarƙa bit da zaɓen QAM don kada hawa mai rauni ya ɓata saƙon 5G

Idan tashar 5G mai eriya da yawa ta tura bayanai hawa huɗu, wato jerin bayanai huɗu daban-daban, lokaci guda a kan mita ɗaya, hawan ba sa isa waya da ƙarfi iri ɗaya. Wani ya zo garau, wani ya zo a galabaice, ko dai saboda bango, ko don hanyoyin da siginar ta bi sun yi kama da juna har wayar ta kasa rarrabe su. Lambar gyaran kuskure ta LDPC kamar tela take: ƙananan huji a warwatse yakan cike su, amma in riga ta yage a wuri guda, sai haƙuri. Saboda haka aikinka biyu ne. Ka warwatsa ɓarnar, sannan ka ajiye bit (ƙwayoyin bayani, 0 ko 1) masu muhimmanci inda hayaniya ba ta saurin taɓa su. Tsarin da ke ƙasa shi ne na takardun 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin 5G, masu lamba TS 38.212 da TS 38.211.

Fara da tsayi. Bayan an yanka bayanai ƙunshi-ƙunshi, kowanne bai wuce bit 8448 ba a babban tsarin LDPC ko 3840 a ƙarami, za ka ɗebo bit E daga kowane ƙunshi. Dole E ya rabu daidai da yawan hawa sau yawan bit na kowace alama. Alama ita ce ɗigon sigina guda da ke ɗauke da bit da dama, QAM kuma shi ne tsarin jera waɗannan ɗigogi. Hawa huɗu da 64QAM, wato 4 sau 6, sun ba da 24. E na 9600 ya yi, domin zai fitar da alamomi 1600, kowane hawa ya samu 400. In ka yi sakaci a nan, ƙarshen ƙunshi ɗaya zai shiga alamar na gaba, daga nan duk abin da ya biyo baya ya karkace. Kuma wajen ɗiba ka tsallake bit na ciko, waɗanda aka ƙara don cika tsayin ƙunshi kawai, ba a aika su.

Sai sarƙawa, wadda ita ce zuciyar aikin. Ka shimfiɗa teburi mai layuka daidai da yawan bit na alama: 2 ga QPSK, 4 ga 16QAM, 6 ga 64QAM, 8 ga 256QAM. Ka rubuta bit layi bayan layi, ka karanta su daga sama zuwa ƙasa. Gwada da bit 16 a 16QAM. Layin farko ya ɗauki 0 zuwa 3, na biyu 4 zuwa 7, haka har ƙasa. Alamar farko za ta ƙunshi bit na 0, 4, 8 da 12, ta biyu kuma 1, 5, 9 da 13. Maƙwabta sun rabu ke nan.

Amma ba rabuwar kaɗai ake nema ba. A 16QAM bit huɗun alama ba ƙarfinsu ɗaya ba. Biyun farko su ke faɗin ɓangaren da ɗigon yake, dama ko hagu, sama ko ƙasa. Biyun ƙarshe suna faɗin ko yana ciki ko yana waje, kuma su hayaniya ta fi saurin juyawa. Tunda a aikawar farko, mai suna RV0, bit na asalin saƙo ne ke gaba, su ke cika layukan sama, su faɗa gurbi mai ƙarfi, bit na gyara kuma su tafi ƙasa. Wanda ya juya teburin, ya rubuta daga sama zuwa ƙasa ya karanta layi-layi, in ya yi hakan a ɓangarorin biyu komai zai yi aiki a kwamfutarsa, sai dai ya yi asarar wannan riba, kuma na'urarsa ba za ta fahimci ta kowa ba.

Bayan an dagula bit da jerin da aka samo daga lambar RNTI, wato lambar shaidar wayar a tashar, aka mai da su alamomi, sai a raba wa hawa bi da bi: ta farko hawa na ɗaya, ta biyu na biyu, a zagayo. Da haka kowane ƙunshi ya ɗanɗani hawa mai kyau da maras kyau. Har zuwa hawa huɗu ɗauri ɗaya ne, wato duk ƙunshin a jeri guda, da QAM iri ɗaya. Daga biyar zuwa takwas ana raba ɗauri biyu, misali hawa bakwai ya zama uku da huɗu, kowanne da nasa QAM. In dusashewar ta fi tsanani a wani yanki na mita, kunna sarƙawar VRB zuwa PRB, mai warwatsa bayanai a kan tubalan mita tana ɗaure su biyu-biyu ko huɗu-huɗu.

Ɓangaren karɓa ne ya fi cin mutane. Mai warware LDPC ba 0 da 1 yake so ba, yana son LLR, wato adadin da ke nuna yadda aka gamsu da kowane bit. Bayan ka rarrabe hawan, ka lissafa hayaniyar kowane hawa daban, a kowane yanki na mita, ka auna LLR da ita. In ka yi amfani da adadi ɗaya ga duka, hawa mai rauni zai riƙa faɗin ƙarya da babbar murya, mai warwarewa ya yarda da shi, sarƙawar da ka yi kuwa ta riga ta kai wannan ƙaryar kowane lungu na ƙunshin. Alamar wannan ciwo ita ce hawa ɗaya yana aiki lafiya lau, da ka ƙara na biyu kuskure ya ƙi sauka ko da ka ƙara ƙarfi. Duba ko LLR na + ne ko na − ma: a 5G bit 0 na tafiya da tabbatacciyar lamba, in ka juya ta babu ƙunshin da zai wuce gwajin CRC, mai tabbatar da cewa ƙunshi ya iso ba kuskure.

Wajen zaɓen QAM kada kwaɗayin hawa ya ja ka. Raba wuta gida huɗu na rage wa kowane hawa 6 dB. Hawa biyu da 64QAM na ɗaukar bit 12 a gurbi guda, hawa huɗu da QPSK kuwa 8 kacal. Ga bayanan yau da kullum ana saita kuskuren aikawar farko a kashi 10 cikin 100, HARQ, wato sake aika abin da ya lalace, ya share ragowar. Don riƙe wannan mizani, duk ƙunshin da ya isa ka ɗaga ƙiyasin ingancin sigina, wanda ake zaɓen QAM da shi, da 0.1 dB, wanda ya faɗi ka sauke 0.9 dB. Kafin ka buɗe 256QAM kuma ka auna EVM na na'urar aikawa, wato yadda ɗigoginta ke kauce wa gurbinsu. Iyakarsa kashi 3.5 ne, na 64QAM kashi 8, na 16QAM 12.5. In amfilifaya ta wuce wannan iyaka, ɗigogin gefe ne za su fara murɗewa, sai ka rage mata wuta ko ka sauko 64QAM.