Darasi na 9: Tunkuza da waken suya a abincin kifi

Mai kiwon kifi a bakin kogin Isa, nan Yamai, ya san inda kuɗinsa ke tafiya: abinci. Buhun da ake shigowa da shi daga waje yana da tsada, saboda garin kifin da ke ciki. Shi ya sa wasu ke haɗa nasu da dusar hatsi, tunkuzar gujiya, waken suya da ganyen zogala. Dabara ce mai kyau, amma tana da iyaka.

Akwai wani babban kifi da ake kira istajin. An fi saninsa a tekun Kasfiya da Baƙin Teku, yanzu kuma ana kiwonsa a Sin, Italiya, Faransa, har da tsaunukan Madagaska. Ƙwansa da ake ci, wanda ake kira kabiya, shi ne kuɗin, kuma sai macen ta yi shekaru kafin ta fara yinsa. Ruwan sanyi yake so. Zafin watan Afrilu na Yamai ba zai bar shi da rai ba. Bakinsa a ƙasan kai yake, da gemu huɗu, yana tsotsar tsutsa, dodon koɗi da ƙananan kifaye daga laka. Da masu kiwonsa suka rage garin kifi suka cika waken suya, sai girmansa ya ja baya, hanji da hanta suka wahala. Cikinsa na mai cin nama ne.

Wani ɗalibi ya ce: "Malam, to mu ina ruwanmu da kifin da ba mu taɓa gani ba?"

Ruwanmu tarwaɗa. Ita ma mai cin nama ce, dusa kaɗai ba ta gina ta. Karfasa kuwa ta saba da ganye da gansakuka, ta fi jure abincin tsiro.

Waken suya ɗanye yana da wani sinadari mai hana narkewar abinci. Wuta ke kashe shi. A soya shi ko a dafa, a shanya, sannan a niƙa. Kada a bari ya ƙone. Angurya tana da nata gubar, a sa kaɗan ko a bar ta. Tunkuza ita ce ta fi ruɗin mutane, don arha ce kuma ga ƙanshi. A fasa ta a duba ciki. In ta yi funfuna, a zubar, ko kaji kada a ba, domin gubar funfuna hanta take ci, kuma dahuwa ba ta kawar da ita. Buhu a ɗora shi bisa katako, nesa da lema, musamman da damana.

In za a canza abinci, a canza sannu-sannu, ana lura da yadda kifin ke ci.

Aiki: Kifin da ya tasa yana cin kamar kilo 3 a rana bisa kowane kilo 100 na nauyinsa. In kana da kilo 50 na tarwaɗa, kilo nawa za ka tanada na kwana 10?