Kyandir ɗaya ya isa addu'ar kwana tara

'Yan'uwa cikin Kristi, masu shirin nobena, wato addu'ar kwana tara, ta Waliyyi Martin de Porres, wanda babban cocinmu na Katsina ke ɗauke da sunansa: ba sai kun sayi kyandir tara ba.

Ku sayi dogo guda ɗaya mai kauri. Ku ja masa layi takwas da allura, ya rabu kashi tara. Kowace rana kashi ɗaya, wuta na kai layi ku kashe.

Idin waliyyin 3 ga Nuwamba ne, don haka a fara 25 ga Oktoba, a rufe 2 ga Nuwamba.

Kafin ku kunna, ku datse lagwanin ya zama gajere. Dogon lagwani babbar wuta yake yi, shi ke cinye kyandir. Ku kafa shi cikin tasa mai yashi, nesa da labule da hoton waliyyin, musamman gidan da ke da yara.

Inda dabarar ba ta aiki: ƙarƙashin fanka ko bakin taga. Iska na kaɗa wutar, gefe guda ya narke ya zube, layukan su ɓace. Siririn kyandir ma lanƙwashewa yake yi a ɗakin kwano da rana.

In ya ƙare kafin kwana tara, ku ci gaba da addu'arku, ba sharaɗi ba ne.