Bikinka na farko da kyamara: inda sababbin masu hoto ke tuntuɓe

Shekara 2 na yi ina riƙe wa maigidana jaka da fitila kafin ya sakar min wani biki a Kano in yi da kaina. A ranar na gane riƙon kyamara shi ne mai sauƙin.

Farko dai kunyar maganar kuɗi. Da an ce maka "ai mun zama ɗaya" sai bakinka ya mutu. Karɓi kafin alƙalami, aƙalla rabi, kuma a rubuta a WhatsApp: kamu, ɗaurin aure, dina, da albam ko babu. Bayan biki aljihun ango ƙaf yake.

Ɗaurin aure kuwa ba ya jiran mai hoto. Wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a faɗi sadaki, a shafa Fatiha, shi ke nan. Ni ina sunkuye ina canza gilashin kyamara na ji an shafa. Hotunan da na ɗauka a ƙofar masallaci kuma rana ta cinye su, farar shaddar ango ta koma kamar takarda. Maigida ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai yaro, ina aikin babbar rigar? Ka san nawa ya ba mai ɗinki?" Maganin shi ne ka auna haskenka a kan farin kaya, ka ja mutane inuwa, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, don a iya ceto wani abu wajen gyara.

A zauren dina fitilu masu launi kan mai da fuskar amarya shuɗiya. Harba filashi sama idan silin fari ne, kuma lokacin rawa da liƙi kada saurin ɗauka ya gaza 1/200 na daƙiƙa.

Amma wanda ya fi jawo rigima shi ne rashin sanin dangi. Hoto 500 na ƙawaye ba zai wanke ka ba idan babu gwaggon da ta riƙi amarya. Nemi babbar ƙawa tun da wuri ta nuna maka su. Matar da ta ja mayafi ta kau da kai, sauke kyamararka. Kada kuma hoton amarya ya hau Instagram sai da izininta da na ango.

Batir biyu, a cika su tun jajibiri, kada ka dogara da wutar NEPA. Ka kwafe katin hotunan wuri biyu a daren, kafin ka kwanta.